Mutum Nawa Ka Tambaya Kafin Ka Rubuta "Mafi Yawan Mutane"?

 

Akwai wasu kalmomi da suka zame mana jiki a rubutu har ba ma jin nauyinsu: "mafi yawan matasa", "kusan duk matan karkara", "kashi 90 cikin 100 na mutanenmu". Muna sa su a sharhi, muna sa su a gabatarwar littafi, muna sa su a takardar da za mu karanta a taron marubuta. Duk wanda ya rubuta irin wannan jimla ya yi wa mai karatu alkawari ne cewa ya ƙirga, ko kuma ya san wanda ya ƙirga.

Ra'ayina shi ne, marubucin da zai faɗi adadi game da jama'a wajibi ne ya iya amsa tambayoyi uku: mutum nawa aka tambaya, ta yaya aka zaɓo su, kuma yaya girman kuskuren da zai iya shiga lissafin. Idan ba zai iya amsawa ba, to ya sauya jimlar. Lissafin da ke bayan waɗannan tambayoyi bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba, kuma zan kawo shi dalla-dalla da misalin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo.

ADADI BIYU A KAN KANO

Bari mu fara da abin da ya taɓa sunan jiharmu. A shekarar 2017 aka ambata a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a jihohin Kano da Jigawa. Adadin ya zagaya jaridu da gidajen rediyo, ya shiga rahoton binciken da BBC ta fitar a 2018, wanda a bayansa gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. Matsalar shaye-shaye gaskiya ce, duk mai ido ya gan ta a unguwarsu. Sai dai an ɗauki wannan adadi an ɗora masa hukunci a rubuce-rubuce cewa Kano ce kan gaba a Najeriya wajen shan ƙwaya, ba tare da masu rubutun sun faɗa mana wa aka tambaya ko yadda aka ƙirga kwalaben ba.

A watan Janairun 2019 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, suka fitar da rahoton wani bincike da ya shiga gidaje kusan 39,000 a jihohi 36 da Abuja. Rahoton ya ce kashi 14.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, wato kimanin mutum miliyan 14.3, ya kuma ce ainihin adadin yana tsakanin kashi 14.0 da 14.8. Kano ta fito da kashi 16, abin da ya haura na ƙasa baki ɗaya, don haka babu wanda ya wanke mu. Amma Legas ta fito da kashi 33, kuma shiyyar Kudu maso Yamma ce ta fi kowace shiyya, ta bar Arewa maso Yamma a baya nesa.

Adadi na biyu ya zo da yawan gidajen da aka shiga, da hanyar da aka bi, da iyakar kuskurensa. Mai shakka yana da inda zai kama ya yi gardama. Na farko kuwa sai dai ka yarda ko ka ƙi. Magana zarar bunu ce, rubutu ma ya fi ta daɗewa, kuma abin da muka rubuta a kan garinmu shi 'yan baya za su ɗauka a matsayin shaida.

A CE MARUBUCIYA CE DAGA UNGUWAR TUDU

Unguwar Tudu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo, tare da irin su Getso, Kutama, Lakwaya, Madadi da Mainika. A ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, maƙwabciyarta Kabo kuma sama da 150,000. A ce wata marubuciya 'yar Unguwar Tudu tana son ta san kashi nawa ne na manyan Gwarzo suke karanta ko sauraron littafin Hausa ta waya. Dalilinta mai ƙarfi ne: kuɗin da ta tara za ta zuba, ko ta buga littafinta a takarda, ko ta sake shi ta waya. Ba za ta iya bin kowane gida ba. Dole ta tambayi wasu ta yi hukunci a kan sauran. Waɗannan da za ta tambaya su ake kira samfuri. To, mutum nawa?

Kafin ta ɗauki biro da takarda ta fita, akwai shawara biyu da za ta yanke a zaune.

Ta farko ita ce tazarar kuskure. Tunda ba kowa ta tambaya ba, amsar da za ta samu ba za ta zo daidai wa daida da ta jama'a duka ba. Za ta ɗan hau ko ta ɗan sauka. Tazarar kuskure ita ce iyakar hawa da saukar da ta yarda ta jure. Idan ta samu kashi 62 da tazarar maki 5, abin da take faɗa shi ne gaskiyar tana tsakanin kashi 57 da 67.

Ta biyu ita ce matakin amincewa. Ko da an bi ƙa'ida tsaf, wata rana sa'a kan ƙi, samfuri ya faɗa kan mutanen da ba su yi kama da sauran jama'a ba. Matakin amincewa na kashi 95 yana nufin da za a maimaita irin wannan bincike sau 100, kowane karo da sababbin mutane, kimanin sau 95 tazarar da aka fitar za ta riƙe gaskiya a cikinta, sau 5 kuma ta kuskure. Wato ɗaya cikin 20 zai ɓaci ba tare da laifin kowa ba. Kashi 95 shi aka fi sabawa da shi. Akwai masu ɗaukar 90, akwai masu ɗaukar 99.

Waɗannan biyun ne suke yanke yawan mutanen da za a tambaya. Ga ƙa'idar:

n = z × z × p × (1 − p) ÷ (e × e)

Harafin n shi ne yawan mutanen da ake nema. Harafin z lamba ce da ke tafiya da matakin amincewa: 1.645 ga kashi 90, 1.96 ga kashi 95, 2.576 ga kashi 99. Harafin e shi ne tazarar kuskure, maki 5 ana rubuta shi 0.05. Harafin p kuma hasashenka ne na kason masu cewa "e". Idan ba ka da masaniya sai ka sa 0.5, wato rabi da rabi, domin shi ne yake ba da adadi mafi girma, ka ga ka kare kanka daga gazawa.

Marubuciyarmu ta zaɓi kashi 95 da maki 5. Sai ta buga a kalkuletar wayarta: 1.96 sau 1.96 ya ba da 3.8416. Sau 0.25 ya zama 0.9604. A raba da 0.0025, amsa ita ce 384.16. Babu gutsuren mutum, kuma kullum sama ake cikawa, don haka mutum 385.

Idan ta sassauta tazarar zuwa maki 10, mutum 97 sun isa. Idan ta matse ta zuwa maki 3, sai 1,068. Idan ta nace sai maki 1, sai 9,604. Idan kuma ta bar tazarar a maki 5 ta sauya matakin amincewa, kashi 90 yana buƙatar 271, kashi 99 yana buƙatar 664.

Ga kuma gajeriyar hanya da ya kamata kowane marubuci ya haddace, domin auna binciken wasu. Ɗauki yawan mutanen da aka tambaya, nemo lambar da idan ka ninka ta sau kanta za ta ba ka wannan yawan, sannan ka raba 100 da ita. Abin da ya fito shi ne kusan tazarar kuskure a mataki na kashi 95. Mutum 25 suna ba da maki 20. Mutum 100, maki 10. Mutum 400, maki 5. Mutum 1,600, maki 2.5. Ka lura da yadda abin yake tafiya: kafin ka rage kuskure da rabi sai ka ninka mutane sau huɗu. Shi ya sa masu bincike ba sa bin maki 1 sai da babban dalili, kuɗin motar kaɗai ya isa ya hana.

Yanzu mu auna irin abin da aka saba yi. Mutum ya tambayi abokai 30, 18 suka ce suna karatu ta waya, ya rubuta "kashi 60 cikin 100". Ko da a ce ya zaɓo su bisa ƙa'ida, tazarar kuskurensa kusan maki 18 ce, wato gaskiya tana iya zama ko'ina daga kashi 42 zuwa 78. Bai ma tabbatar an kai rabi ba, balle ya ce "mafi yawa". Haka ita ma marubuciyarmu, idan ta tambayi 385 ta samu kashi 54, tazararta daga 49 ce zuwa 59, ƙasan ya faɗa ƙasa da rabi, don haka ba ta da hurumin cewa masu waya sun yi rinjaye. Idan 62 ta samu, ta samu hurumin.

GIRMAN GARI BA SHI NE MA'AUNI BA

Wanda ya duba ƙa'idar da kyau zai ga babu inda aka sa yawan mutanen gari. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Gwarzo mai mutum dubu ɗari da tamanin da wani abu tana buƙatar 384. Gwarzo da Kabo a haɗe, 384. Jihar Kano duka, mai sama da mutum miliyan 9 a ƙidayar 2006, 385. Uwargida da ta juya miya da kyau, cokali ɗaya ya ishe ta ta san gishiri ya ji, ko ƙaramar tukunya ce ko ta biki. Shi ya sa cibiyar Afrobarometer, mai binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ta tambayi manya 1,600 kacal a Najeriya a 2022, gaba da gaba, ta bayyana tazarar maki 2.5 a mataki na kashi 95. Wanda ya ce "ta yaya mutum 1,600 za su yi magana da yawun miliyan 200?" ya yi tambaya mai kyau, amsarta kuma ita ce juya miyar, wadda za mu zo kanta.

Yawan jama'a yana shigowa ne idan jama'ar kaɗan ce. A nan akan yi gyara a rage adadin. Makaranta mai ɗalibai 1,000 tana buƙatar 278, mai 500 tana buƙatar 218, ƙungiyar marubuta mai mutum 100 tana buƙatar 80. A irin ta ƙarshen nan gara ma ka tambayi kowa ka huta.

Ɗalibanmu na jami'a da kwalejin ilimi sun san wannan da wasu sunaye. Wanda ya taɓa rubuta furojet ya ji sunan Taro Yamane, wanda ƙa'idarsa ta 1967 take cewa a raba yawan jama'a da 1 a tara da yawan jama'a sau e sau e. Ga Gwarzo tana ba da kusan 400. Akwai kuma jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda yake tsayawa a 384 komai girman jama'a. Duk gida ɗaya suka fito, duk an gina su a kan kashi 95 da rabi da rabi. Kuma duk suna da sharaɗi ɗaya da ake yawan tsallakewa: an zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a.

Akwai wani tarko kuma. Mutum 385 ɗin nan na Gwarzo ne a dunƙule. Idan aka raba su kan mazaɓu 10, Unguwar Tudu za ta samu kimanin 38, kuma tazarar kuskuren mutum 38 ta kai maki 16. Marubuciyarmu ba za ta ɗauki binciken Gwarzo ta rubuta "kashi kaza na mutanen Unguwar Tudu" ba. Idan mazaɓarta take son ta yi magana a kai, sai ta nemi ɗaruruwan mutane a cikinta ita kaɗai. Haka idan tana son ta raba maza da mata, ko ta kwatanta Gwarzo da Kabo. Kowane ɓangare yana buƙatar nasa adadin, kuma ko da ta tambayi 385 a kowace ƙaramar hukuma, bambancin da bai kai maki 7 ba yana iya zama na sa'a kawai.

Wannan ne dalilin da ya sa binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya tattauna da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. Da Najeriya kaɗai ake son a auna, dubu biyu sun wadatar. An faɗaɗa shi ne domin kowace jiha ta samu nata adadin. Duk da haka iyakarsa jiha. Wanda ya ɗauko adadin Kano daga ciki ya liƙa wa Gwarzo ko Kabo ya faɗi abin da rahoton bai faɗa ba.

ALGUS A CIKIN SAMFURI

Mai sayen hatsi a kasuwar Getso ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Yana zura hannu can ciki ya ɗebo, domin ya san ana algus, a sa mai kyau a sama a ɓoye mai ƙasa da tsakuwa a ƙarƙashi. Da zai ɗebi mudu 10 daga saman buhun, duk mai kyau zai gani, yawan ɗiban bai ƙare shi da komai ba. Lissafin da muka yi a sama gaba ɗaya yana aiki ne idan kowane mutum a Gwarzo yana da damar shiga samfurin daidai da ta kowa. Da zarar wannan ya rushe, 385 ba ta da wata daraja.

Tarihi ya ajiye mana babban misali. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta samo sunayen daga littafin lambobin tarho, da rajistar motoci, da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da ƙasar take cikin matsin tattalin arziki, tarho da mota kuma sai masu hali. Ta yi hasashen Alf Landon zai ci da kashi 57. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48 da kimanin kashi 61 na ƙuri'u. Bisa ƙa'idar lissafi, tazarar kuskuren samfuri mai wannan girma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maki ɗaya ba, amma kuskuren da aka yi ya haura maki 17. George Gallup, da mutane kimanin 50,000 da ya yi ƙoƙarin su wakilci kowane rukuni, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ta rufe a 1938.

A gida ma mun gani. Gabanin zaɓen 2023, binciken ra'ayi da gidauniyar ANAP ta ɗauki nauyi ya nuna Peter Obi a gaba cikin waɗanda suka faɗi ɗan takararsu, amma kusan rabin waɗanda aka tuntuɓa sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa. INEC ta ayyana Bola Tinubu. Wanda ya karanta kanun labarin kawai ya ɗauka an gama magana, wanda ya karanta ƙasan shafi ya san rabin buhun ba a buɗe shi ba.

To ina ga ƙuri'ar jin ra'ayi da muke sakawa a Facebook ko WhatsApp? Ko mutum 5,000 ne suka danna, waɗanda suka danna su ne masu babbar waya, masu data, masu iya karatun boko, masu bibiyar shafinka, kuma waɗanda batun ya motsa. Tambayar "kana karanta littafi ta waya?" a cikin waya daidai take da tsayawa a tasha kana tambayar wa ya taɓa hawa mota. Dattijuwar da jikarta ke karanta mata a Lakwaya, da manomin da ke sauraron littafi a rediyo a Garo ko Gude, babu ta inda za su shigo. Irin wannan ƙuri'a ba ta da tazarar kuskure kwata-kwata, domin sharaɗin lissafin bai cika ba.

YADDA ZA A YI A GWARZO

Da ɗan gari akan ci gari, kuma marubuciyarmu 'yar gida ce. Za ta iya samo sunayen garuruwa da unguwannin kowace mazaɓa daga wajen dagatai da masu unguwanni, ta rubuta su a ƙananan takardu, ta naɗe, ta zuba a ƙwarya, yaro ya ɗauko mata. Inda ƙuri'a ta faɗa nan za ta je, ko da hanyar babu kyau, kuma mazaɓa mai yawan jama'a ta samu kaso mafi girma. A cikin unguwa ta tsayar da doka tun kafin ta shiga, misali kowane gida na biyar. A cikin gida ta sake yin ƙuri'a tsakanin manyan da ke ciki, domin idan ta bar wa wanda ya amsa sallama, maigida ko babban ɗa ne za su yi ta amsawa. Dole tawagar ta haɗa maza da mata, tunda akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Lokaci ma yana da tasiri. Da damina da safe manoma suna gona, ranar kasuwa 'yan kasuwa ba sa gida, da rani wasu sun tafi cin rani. Wanda ba a samu ba a koma masa, kada a maye gurbinsa da maƙwabcin da ke zaune a ƙofar gida.

Gyara biyu sun rage. Idan tana tsammanin mutum ɗaya cikin biyar zai ƙi amsawa, sai ta raba 385 da 0.8, ta nufi 482. Na biyu, mutanen unguwa ɗaya sukan yi kama da juna, don haka tambayar mutum 20 a wuri ɗaya ba ta kai darajar tambayar 20 a warwatse ba. Masu bincike sukan ninka adadin sau biyu saboda wannan. Tsohuwar hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yawan yaran da suka samu rigakafi haka aka gina ta: unguwanni 30, yara 7 a kowace, jimilla 210, domin a samu tazarar maki 10. A warwatse yara 97 ne za su isa, aka ninka aka ɗan ƙara.

"AI MU MARUBUTA NE, BA MALAMAN LISSAFI BA"

Na san wani zai ce haka, kuma yana da ƙamshin gaskiya. Wa ke da kuɗin mota da na masu taimako da zai zagaya mazaɓu 10? Marubucin da ke fama da kuɗin data ba za a ɗora masa aikin Hukumar Ƙididdiga ba. Kuma akwai abin da adadi ba ya kamawa. Hira mai zurfi da zawarawa 12 za ta koya maka abin da takardar tambaya 1,000 ba za ta koya maka ba game da yadda aure ke mutuwa da abin da ke biyo baya. Adabi ma a nan ƙarfinsa yake, a labarin mutum ɗaya.

Na yarda da wannan duka. Abin da nake nema shi ne jimla ta zo daidai da aikin da aka yi. Wanda ya yi hira da mata 12 ya rubuta: "Na tattauna da mata 12 a Unguwar Tudu, 9 daga cikinsu sun ce mini kaza." Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma mai karatu ya san nauyin da zai ba ta. Da zarar ya mayar da ita "kashi 75 cikin 100 na matan Gwarzo", ya ari rigar da ba tasa ba. Wanda ya saka ƙuri'a a shafinsa ya rubuta "daga cikin mabiyana 800 da suka amsa". Wanda kuma ganinsa ne kawai yake faɗa, akwai "a ganina", akwai "na lura", Hausa ba ta rasa kalmomin tawali'u ba. Mai ƙagaggen labari yana da 'yanci ya sa tauraronsa ya yi shaci-faɗi, mutane ai suna yi. Amma gabatarwa da sharhi da muƙala da muryarka kake magana, a nan babu mafaka.

Akwai kuma riba ga mai karatu. Wanda ya san 100 na ba da maki 10, 400 na ba da maki 5, ba a yi masa wasa da hankali da kanun labari. Idan ya ji an ce wani ɗan takara ya wuce wani da maki 3 a binciken mutum 500, ya san tazarar kuskuren ta fi ratar girma. Idan ya ji an ce "bincike ya nuna", zai tambayi wane bincike, na wace shekara, mutum nawa, gaba da gaba ko ta waya, nawa suka ƙi amsawa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko rubutunsa na baya-bayan nan, ya ja layi a ƙarƙashin duk inda ya ce "mafi yawa", "kusan kowa", "galibi" ko "kashi kaza cikin 100". A gefen kowanne ya rubuta mutum nawa ne a bayan maganar da yadda aka same su. Inda akwai amsa, a shigar da ita cikin rubutun. Inda babu, a sake jimlar. Wanda ya samu jimlar da ta gagare shi gyarawa ya kawo ta nan mu duba tare, 'yan Gwarzo da Kabo kuma da ke cikinmu su faɗa mana ko tsarin ƙuri'ar unguwanni da na zayyana zai yiwu a ƙasa, da inda suke ganin zai cije.